Yadda Ake Tafiyar da Makon Girbi da Rabo a Gonar 'Yan Kaso a Amurka Lokacin Tsakiyar Zafi

Tun da na ba da labarin shekarun da na yi ina aiki a wata gonar kayan lambu a yammacin jihar Masachusets, 'yan uwa suka yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: wai yaya ake yi mutum ya biya kuɗin kayan miyar wata biyar tun kafin a yi shuka, kuma yaya manomi yake cika masa kwando kowane mako ba tare da ya gaza ba? Yau zan jera aikin daki-daki. Masu tambayar yadda ake samun biza su yi haƙuri, ba nan ne wurinsa ba.

Amurkawa suna kiran tsarin CSA. Ni ina kiransa gonar 'yan kaso, domin wanda ya san watanda ya riga ya gane rabinsa. Yadda mutanen unguwa ke haɗa kuɗi a sayi sa a raba nama kashi-kashi, haka iyalai ke zuba kuɗi ga manomi tun cikin hunturu, shi kuma ya sayi iri da taki ya biya ma'aikata, daga watan Yuni zuwa ƙarshen Oktoba kowa ya riƙa zuwa yana ɗaukar kasonsa mako-mako. In shekara ta yi kyau a ci tare, in ta ɓaci a yi haƙuri tare. A gonakin da na sani, cikakken kaso yana kamawa daga dala 500 zuwa 800 na mako ashirin ko ashirin da biyu. Wasu kuma maimakon kuɗi sukan ba da aikin awa uku zuwa biyar a mako.

Ka riƙe abu ɗaya kafin mu fara: zuwa watan Yuli manomi ya cinye kuɗin nan tuni. Duk kwandon da ya fita biyan bashi ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lokacin zafinsu, wato Yuli da Agusta, shi ne daminarsu ta fuskar aiki. Rana na fitowa wajen ƙarfe biyar da rabi, ba ta faɗuwa sai bayan takwas na dare.

Zan yi misali da gona mai 'yan kaso 150, rabi suna ɗauka ranar Talata, rabi ranar Juma'a.

Kayan da za ka tanada

Wuƙar girbi ga kowane ma'aikaci (mai kyau ba ta wuce dala 10 zuwa 20), almakashin yanke itace, robar ɗauri, kwandunan roba masu huji, sikeli, manyan bahuna uku na wanki, tiyo mai ruwan sha, amalanke ko ƙaramar mota, farin allo da alƙalaminsa, da ɗakin sanyi. Ɗakin sanyin nan shi ne ya fi komai tsada. Ƙananan gonaki da yawa sukan lulluɓe ɗaki da abin tare zafi, su sa na'urar sanyaya ɗaki ta taga, su haɗa mata wata 'yar na'ura mai suna CoolBot, wadda ke sa ta saukar da sanyi har kusa da digiri 2. Wani manomi ne a jihar New York ya ƙirƙiro ta, kuma kuɗinta wajen dala 400 ne. Duk da haka, abin da ya fi cin kuɗin gona shi ne ladan ma'aikata.

1. Zagayen gona da safiyar Litinin

Kada ka tsara kwando daga zaune. Ɗauki littafi ka bi kunya-kunya da ƙafarka. Kunyarsu doguwa ce, faɗinta wajen mita ɗaya, tsawonta mita talatin ko fiye. A kowace ka rubuta abu uku: me ya nuna yanzu, me zai iya jira zuwa Juma'a, me zai lalace in ba a taɓa shi yau ba. Tumɓuke karas guda uku ka ga girmansu da idonka. Ƙirga kan latas ɗaya bayan ɗaya, domin ƙiyasin ido yakan yi ƙarya.

Daga nan sai lissafi. In kaso dala 700 ne na mako ashirin, kwandon kowane mako ya kamata ya kai kimanin dala 35 a farashin kasuwar manoma. A Yuni da ƙyar ake kaiwa, saboda ganye ne kawai. A Agusta ana wucewa. Kwandon tsakiyar zafi yakan ɗauki abu takwas zuwa goma: latas, karas, kokwamba, zukini (wata doguwar 'yar kabewa da ake yanka tun tana ɗanya), koren wake, albasa, tattasai, gautan Turawa, ɗaɗɗoya, sai tumatir daga ƙarshen Yuli.

Gargaɗi: kada yawan amfani ya sa ka zuba wa mutane abin da ya fi ƙarfinsu. Sabon shiga yana ganin in ya ba kowa zukini takwas ya kyauta. A'a. Iyalin da suka zubar da rabin kwandonsu a shara mako uku a jere sukan ji kunya da takaici, kuma su ne ba sa sabunta kasonsu baɗi. Rarar ta tafi kasuwa ko ɗakin rabon abinci ga mabuƙata.

2. Allo da shirin dare

Da yammar Litinin a rubuta komai a allo: sunan amfani, kunyar da za a ɗebo shi, adadi, da wanda zai yi. Mutum 75 ne za su zo, amma ka rubuta 80 ko 82, saboda wani ɗauri zai kwance, wani kan latas zai fito da ruɓa a ciki. A wanke kwanduna, a wasa wuƙaƙe, a loda su a mota. Minti ashirin da za ka ɓata da asuba kana neman robar ɗauri, ganye ne zai biya shi.

3. Girbi: wane ne farko, wane ne ƙarshe

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne sababbi suka fi yin kuskure. Da sanyin safiya ake kama fara. Dokar ita ce a fara da abin da rana ta fi saurin kashewa, a ƙare da abin da raɓa ke cutarwa.

Daga ƙarfe biyar da rabi zuwa bakwai da rabi, ganye. Latas da farko, sannan dangin kabeji masu ganye, sannan lawashi. Ana yanke latas a gindi daidai ƙasa, a fige ganyen waje biyu ko uku nan take a bar su a kunya, a kifa shi a kwando. Masu ɗauri su sa robobi a yatsunsu tun kafin su sunkuya. Shugaban aiki ya yi ɗauri ɗaya na misali ya nuna wa kowa, in ba haka ba za ka tarar wani ɗaurin kamar damin dawa, wani kamar tsintsiyar da ta tsufa, kuma 'yan kaso suna lura. Kowa ya riƙa ƙirga nasa, goma sha biyu ko ashirin a kwando, ya faɗi adadin da ƙarfi kafin ya ajiye.

Gargaɗi: kwandon ganye kada ya zauna a rana ko da minti goma sha biyar. In mota ba ta cika ba, a tura shi inuwar mota ko a rufe shi da jiƙaƙƙen zane. Gara a yi sawu uku zuwa rumfar wanki da a jira a yi ɗaya.

Daga bakwai da rabi zuwa tara, masu saiwa: karas, albasa ɗanya, sabon dankalin Turawa. In ƙasa ta bushe, a sassauta ta da cokalin haƙa kafin a ja karas, don kada ganye ya tsinke ya bar shi a ƙasa. In akwai masara mai zaƙi, ita ma da safe ake karya ta, kuma a ranar rabo, domin zaƙinta yana komawa gari cikin sauri in ta ji zafi.

Bayan tara, idan raɓa ta bushe sarai, sai a shiga wake, kokwamba, zukini, tattasai da tumatir. Dalilin jiran shi ne cututtukan ganye suna bin ruwa. Hannun da ya shafi jiƙaƙƙen ganye mai cuta zai raba ta ga kunya gaba ɗaya kafin a kai ƙarshenta.

Zukini da kokwamba ba su san ranar rabo ba. Dole a bi su kowace rana ko bayan kwana ɗaya, har da Lahadi in zafi ya yi yawa. Zukini ana yanke shi yana da tsawon santimita 15 zuwa 20. Ka tsallake shi kwana uku, ka dawo ka tarar da shi kamar taɓarya. Irin wannan ma a yanke shi a jefar, domin in aka bar shi uwar za ta zuba ƙarfinta wajen yin 'ya'yan iri ta rage sabon fure. Fatarsa kuwa ko farce yana yi mata tabo, ganyensa kuma yana da ƙaiƙayi, saboda haka a sa riga mai dogon hannu. Ni dai ban taɓa son wannan aikin ba, kuma ban ga wanda yake sonsa ba.

Tumatir a ɗebe shi da hannu biyu, a cire hancinsa don kada ya huda ɗan uwansa, a jera shi a faffaɗan kwando kafaɗa a ƙasa, hawa ɗaya ko biyu kawai. Duk wanda ya saba ganin kwandon tumatir na kaba da ake lodawa daga Kadawa zuwa Legas, zai yi mamakin wannan lallaɓawa. Amma nau'o'in da 'yan kaso ke so masu laushin fata ne, ba irin na doguwar tafiya ba. In an ce za a yi ruwa mai ƙarfi gobe, a ɗebe har waɗanda suka fara ja kaɗan, za su ƙarasa nuna a rumfa. In aka bar su, ruwan zai sa su tsage.

Ɗaɗɗoya ita kaɗai ce ganyen da ake bari sai ta bushe daga raɓa. In ta shiga kwando a jiƙe, kafin yamma ta yi baƙi.

4. Wanki da cire zafin gona

Wankin ganye ba don ƙasa kaɗai ba ne. Babban aikinsa shi ne zare zafin da ganyen ya kwaso daga gona. A cika bahuna uku da ruwa mai sanyi wanda mutum zai iya sha. Ganye ya shiga na farko a jujjuya shi a hankali, ya wuce na biyu, ya ƙare a na uku, sannan a tsane shi. Da zarar ruwan bahon farko ya yi duhu a zubar a sake. Gonaki da yawa suna ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka yarda a yi amfani da shi a kan abinci, gwargwadon abin da aka rubuta a jikin galan, kuma suna auna shi da 'yar takardar gwaji.

Karas da dankali ba sa shiga bahon ganye. A shimfiɗa su a teburin raga a fesa musu ruwa da tiyo.

Gargaɗi: kada ka tsoma tumatir mai ɗumi cikin ruwan sanyi. Iskar da ke cikinsa takan tsuke, sai ya zuƙi ruwan ta wajen hancinsa, duk da dattin da ke ciki. Shafa shi da busasshen tsumma ya wadatar. Haka tattasai da gauta. Albasa da tafarnuwar ajiya kuwa ba sa ganin ruwa ko kaɗan.

Wanda ya taɓa dabba, ko ya fito daga bayan gida, ya wanke hannu da sabulu kafin ya shigo rumfa. Mai gudawa ko amai ya zauna a gida. Yawancin kayan nan ɗanye ake cinsu. Kan haka ne ƙa'idar noma ba da sinadari ta Amurka ta ce ɗanyen takin dabbobi sai ya yi kwana 120 a ƙasa kafin a girbe abin da ke taɓa ƙasa, kwana 90 ga wanda ba ya taɓawa. Wato a watan Yuli babu mai zuba ɗanyen kashin shanu a kunyar latas.

5. Ajiya: ɗaki biyu ake buƙata

Ɗaki na farko mai sanyi sosai, digiri 1 zuwa 3, na latas, kabeji, karas, masara da sauran ganye. A rufe kwandunan ko a sa musu leda, saboda na'urar sanyi tana busar da iska. Ɗaki na biyu mai sanyi kaɗan, digiri 10 zuwa 13, na kokwamba, tattasai, gauta, zukini da ɗaɗɗoya. Waɗannan 'yan ƙasar zafi ne irinmu, sanyi mai yawa yana sa su yi ramuka-ramuka a fata. Tumatir ya zauna a inuwa mai iska, kada ya sauka ƙasa da digiri 13, in ba haka ba ɗanɗanonsa ya tafi.

Ka lura ma'aunin zafinsu daban yake da namu. In ka ga 36 a jikin ɗaki, wajen digiri 2 ke nan a namu, 55 kuma wajen 13.

Gargaɗi: nunannen tumatir yana fitar da wata iska da ke hanzarta tsufan abin da ke kusa da shi. Tana sa kokwamba ya yi rawaya, latas ya yi tabo, karas ya yi ɗaci. A raba su. Kowane kwando kuma a liƙa masa suna da kwanan wata, na jiya ya riga na yau fita.

6. Rabo

Hanya biyu ce. Ko a cika wa kowa kwalinsa a kai masa wata mahaɗa a cikin gari, ko a jera kaya a tebur kamar kasuwa mutane su zo gona su ɗiba da kansu. In kwali ne, masu nauyi a ƙasa, ganye a sama, tumatir a cikin jakar takarda a kan komai. A tsaya a layi, kowane mutum da abu ɗaya ko biyu da yake sakawa, kwali yana wucewa. Kwalin mai shafin kaki ne, yana kai dala biyu ko fiye, don haka a roƙi mutane su dawo da shi.

In tebur ne, wanda ni na fi so, a rubuta a gaban kowane kwando abin da za a ɗauka: latas kai ɗaya, kokwamba uku, tumatir fam biyu. Fam ɗaya giram 454 ne. A buɗe daga ƙarfe biyu ko uku zuwa shida ko bakwai. Kada a fito da kaya duka lokaci guda. A riƙa ƙarowa daga ɗakin sanyi kaɗan-kaɗan, don wanda ya taso daga aiki ƙarfe shida ya samu irin abin da na ƙarfe biyu ya samu. Kuɗinsu ɗaya. A ƙarshen tebur a ajiye kwandon musaya: wanda ba ya cin gauta ya ajiye, ya ɗauki abin da wani ya bari. Wannan ɗan kwandon yana kashe ƙorafi da yawa, kuma in ka duba shi da yamma zai gaya maka abin da ya kamata ka rage shukawa baɗi.

A sa mutum ɗaya a bakin ƙofa da takardar sunaye. A kuma sanar tun farkon shekara cewa wanda bai zo ba kuma bai aiko ba, kasonsa ya tafi sadaka.

7. Shukar kaka, wadda kowa ke mantawa

In da za a ce in zaɓi mataki ɗaya daga cikin waɗannan, wannan zan zaɓa. A Yuli girbi yana shanye hankalin kowa. Kwando cike, 'yan kaso suna murna, ma'aikata a gajiye. Amma kwandon Oktoba yanzu ake shuka shi, kuma in lokacin ya wuce babu kuɗin da zai dawo da shi. Shekarata ta farko mun makara da karas da kwana goma sha biyu kacal, saboda zukini ya sha mana kai. A Oktoba abin da muka tono bai fi ɗan yatsa ba, muka cike gurbin da kabewa mako huɗu a jere, har mutane suka fara yi mana ba'a.

Ga yadda ake lissafin. A yankin da na yi aiki, daren farko da raɓa ke daskarewa yakan zo a farko ko tsakiyar Oktoba. Duba jikin fakitin iri ka ga kwanakin da yake ɗauka kafin ya nuna. Ƙara masa mako biyu, domin rana tana gajarta daga Agusta, girma yana raguwa. Sai ka ƙirga baya daga wancan daren na daskarewar raɓa. Karas mai kwana 75, da ƙarin 14, ya kai ka tsakiyar Yuli. Kabeji da ɗan uwansa burokoli na kaka ana renonsu a faranti tun Yuni, a dasa su a Yuli. Koren wake na ƙarshe ya shiga ƙasa kafin Yuli ya fita. Latas kuwa duk mako ko mako biyu ake sake shuka shi, don a samu na maye gurbi.

Ka keɓe rana guda, a ce Laraba, wadda babu girbi sai na zukini da kokwamba. Ranar shuka da dashe ce, kuma ko me ya taso ba a taɓa ta.

Gargaɗi kan latas: irinsa ba ya tsirowa in ƙasa ta yi zafi, daga wajen digiri 27 zuwa sama yakan yi barci. A shuka shi a faranti da yamma, a ajiye farantin kwana biyu a ɗaki mai sanyi kaɗan, sannan a fito da shi inuwa.

Gargaɗi kan karas: yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya fito, kuma in saman ƙasa ya bushe sau ɗaya a tsakani, an yi asarar kunyar. A riƙa yayyafa ruwa kullum, ko a rufe da tsohon buhu a jiƙa shi, a ɗauke da zarar an ga tsiro.

Dashe da yamma ake yinsa ko ranar da hadari ya rufe, a bi shi da ruwa nan take. Dangin kabeji a lulluɓe su da farin mayafin gona tun ranar, saboda wasu ƙananan ƙwari masu tsalle da ke mayar da ganye kamar rariya.

8. Ruwa da ciyawa

Kayan lambu suna son ruwa kimanin milimita 25 a mako, na sama ko na ban-ruwa. A kunya mai faɗin mita ɗaya da tsawon talatin, lita 750 ke nan. Kafa ma'aunin ruwan sama a gona, ka cike abin da ya rage. Tumatir, tattasai da kokwamba a ba su ta tiyon ɗigo da ke kwance a gindinsu, don ganye ya zauna a bushe. In ka ga ƙasan tumatir yana baƙi yana lotsawa, yawanci ba cuta ba ce, ruwa ne ake ba shi yau da yawa gobe babu.

Ciyawa a kashe ta tun tana kamar farin zare, da fartanya mai kaifi, a rana mai zafi, a kankare saman ƙasa kawai. Aikin awa ɗaya a wannan matakin yana zama na yini guda bayan mako biyu. Abin dariya, ciyawar da ta fi damun su 'yar uwar alayyafo ce, kuma ranar da na kwashi ɗauri na kai gida na yi miya, abokan aiki suka yi ta kallona. Kunyar da ciyawa ta riga ta ci, kada a yi mata taurin kai. A nome ta gaba ɗaya kafin ciyawar ta zubar da 'ya'ya.

9. Tafarnuwa da albasa

Tafarnuwar da aka shuka tun Oktoban bara a Yuli ake tonon ta, idan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin ganyenta ya bushe daga ƙasa. A sassauta ƙasa, a ɗaga, a kakkaɓe, a rataye ko a shimfiɗa a rumfa mai iska mako biyu zuwa huɗu. Kada a bar ta a rana. Manyan kawuna a ware su na iri kafin a raba ko ɗaya. Albasa kuma sai wuyanta ya kwanta, wajen farkon Agusta.

10. Tsaron tumatir, da faɗa wa mutane gaskiya

Ana kafa turke bayan kowane tushe biyu, a zagaya igiya daga turke zuwa turke ta gefe da gefe, a ƙara sabon hawa duk lokacin da ya ƙaru da kamar taƙi ɗaya. In ka makara mako guda ya kwanta, ɗaga shi sai da karaya.

Sau biyu a mako a duba ganye. Abin tsoro shi ne wata cuta da ke fara da manyan tabo masu launin toka kamar an zuba ruwan zafi, da farin gashi-gashi a bayan ganye, musamman in an jera kwanaki ana ruwa da sanyi. Ita ce ta hallaka dankalin ƙasar Ayalan a shekarun 1840, kuma a 2009 ta share tumatir a gonaki masu yawa a arewa maso gabashin Amurka. In ka gan ta, cire tushen ka sa a leda ka ɗaure, kada ya shiga juji, ka sanar da ofishin malaman gona na jiha da maƙwabta, domin iska ce ke ɗaukarta.

Sannan ka sanar da 'yan kaso a wasiƙar da ake aika musu duk mako, ta wannan makon. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sun sa hannu kan cewa asara ta kowa ce, amma mutum ya fi haƙuri da abin da aka gaya masa da wuri, da hoto, da bayanin abin da za a ba shi a madadi. Wasiƙar kada ta yi tsawo: abin da ke cikin kwando, yadda za a ajiye shi, hanyar dafa abu ɗaya da ba su saba da shi ba, da labarin gona cikin layi biyar.

11. Jikin ma'aikaci

Zafinsu bai kai na Sakkwato a ma'auni ba, amma yana da gumi mai nauyi, kuma yinin yana da tsawo. A sha ruwa kofi ɗaya duk bayan minti goma sha biyar zuwa ashirin, tun kafin ƙishi. Wanda ya fara jiri, ko ciwon kai, ko maganarsa ta rikice, a kai shi inuwa a jiƙa shi, in maganar ce ta rikice a kira 911, lambar agajin gaggawa, nan take, in jiri ne ko ciwon kai kuma bai dawo daidai ba shi ma a kira. Aiki mai nauyi a gama shi kafin azahar, rana tsaka a koma rumfa.

Kowace yamma a duba jiki saboda kaska. Tasu ƙanana ce, wata ba ta fi ƙwayar riɗi ba, kuma tana ɗauke da cutar Laim. A cusa ƙafar wando cikin safa, a duba bayan gwiwa, hammata da ƙugu. In an same ta a cire ta da ɗan hantsaki daga kai, a rubuta ranar, in zazzaɓi ko jan zobe ya fito a fata a je asibiti.

Ga ɗan uwa Musulmi, asuba tana shiga tun kafin ƙarfe huɗu, isha'i kuma sai wajen goma na dare, saboda haka barcin rana na rabin awa bayan azahar ba lalaci ba ne. A shekarun 2014 zuwa 2016 azumi ya faɗo a Yuni da Yuli, ana kai awa goma sha shida zuwa sha bakwai ba ci ba sha. In irin haka ta sake zagayowa, ka yi magana da mai gona tun da wuri a ba ka girbin asuba da aikin rumfar wanki. Juma'a kuma ranar rabo ce a gonaki da yawa, don haka ka nemi musanya awannin azahar da wani tun farkon shekara, kada ka bari sai ranar.

12. Rufe mako

Da yammar Juma'a, bayan mutum na ƙarshe ya tafi, a ƙirga abin da ya rage, a loda na sadaka, a wanke bahuna da tebura a kife su, a share ɗakin sanyi. Sannan a buɗe littafi a rubuta abin da aka girba daga kowace kunya da nauyinsa, abin da aka shuka da ranarsa, ruwan da aka samu, da abin da ya cika kwandon musaya. Da wannan littafin za a yi odar iri a watan Janairu. Kafin a kulle, a duba allo a ga sunan wanda zai zo bin zukini da safiyar Asabar.